Yadda Za Mu Haɗa Man Goge Katako da Kakin Zuma

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantun ƙauye, inda malami shi ne mai tsaron benci da tebur da kabad. Kowa ya san yadda hunturu ke tsattsage katako, damina kuma ta kumbura shi. In benci ya lalace, yara su koma zaman ƙasa, kuɗin sabo kuwa ba ya zuwa da wuri. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana muku yadda a ke haɗa man goge katako a gida.

Abu na fari shi ne kakin zuma. Ƙudan zuma ma'aikata ne ke fid da shi daga ƙarƙashin cikinsu, su gina saƙa da shi, sai sun sha zuma wajen kilo 6 zuwa 8 kafin su yi kaki kilo ɗaya. Duk da haka masu amya da yawa, in sun matse zuma, sai su zubar da saƙar. Ku roƙe su, ko ku saya da araha. Ku jiƙa ta cikin ruwa, ku wanke sauran zuman, sa'an nan ku dafa ta cikin ruwan sama har ta narke. Ku tace da tsohon buhu mai tsabta, ku bar ta ta kwana. Da safe za ku iske kaki ya daskare a kan ruwa kamar faifai, sai ku kankare dattin da ke ƙarƙashinsa. In a kasuwa za ku saya, ku shinshina ku ji ƙanshin zuma, domin waɗansu su kan garwaya shi da kyandir.

Kakin zuma ya kan narke a wajen digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Salshiyas. Taushinsa ya sa ya ke da daɗin shafawa, amma a lokacin bazara ya kan yi danƙo, ya kama ƙura. Maganin wannan shi ne wani kaki da a ke kira karnoba, wanda a ke kaɗowa daga busasshen ganyen wani itace ɗan'uwan giginya a arewa maso gabashin Barazil. Shi sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 kafin ya narke. Yana da tauri da ƙyalli ƙwarai, amma shi kaɗai ya kan farfashe, yana kuma da wuyar gogewa. In an haɗa biyun, kowane ya rufe aibin ɗan'uwansa. In ba a sami karnoba ba, kakin zuma kaɗai ya isa.

Na uku shi ne man tarfentin, wanda a ke tatsa daga ƙaron itacen fain, a kan same shi wurin masu sayar da fenti. Aikinsa ya sassauta kakin ya zama kamar man shanu. Bayan an shafa, ya bi iska, ya bar kaki siriri a kan katako. Kada ku sa man gyaɗa a maimakonsa, gama ba ya bushewa, daga baya kuma ya yi wari.

Ga awon: kakin zuma giram 100, karnoba giram 20, tarfentin mililita 300. In kuna so ya fi taushi, ku ƙara tarfentin kaɗan.

To, yanzu ga inda hatsari ya ke. Sa'ad da na ke koyon aikin koyarwa a wata makaranta, na ɗora gwangwanin kaki kai tsaye bisa gawayi, na juya ina magana da yara. Kafin in waiwayo ya fara hayaƙi, ya kama wuta. Wani yaro ya sheƙo da ruwa, Allah ya sa na tare shi, na kife tasa a kai, wutar ta mutu. Da ya zuba ruwan nan, da kakin ya fantsama a fuskokinmu. Wutar kaki murfi ko yashi ke kashe ta.

Hanyar da ta dace ke nan. Ku sa ruwa cikin tukunya, ku sa gwangwani mai tsabta marar tsatsa a cikin ruwan, domin baƙin ƙarfe da jan ƙarfe su kan ɓata launin kaki. Tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, saboda haka kakin ba zai ƙone ba. Ku fara sa karnoba, tun da ya fi wuyar narkewa, sa'an nan ku bi da kakin zuma da kuka yayyanka ƙanana. In duka sun narke, ku sauke tukunyar, ku kai ta waje nesa da wuta, domin tururin tarfentin ya kan kama wuta ko a digiri 35. Ku zuba shi kaɗan kaɗan kuna motsawa da tsinke. In ya yi gudaji, ku mai da gwangwanin cikin ruwan zafin, ba bisa wuta ba. Daga nan ku juye cikin gwangwani mai murfi, ya huce.

Wajen shafawa, ku goge katakon da samfefa in yana da kaushi, ku share ƙura. Ku lakato kaɗan da tsumma, ku bi tsawon katakon. Bayan kamar minti 20, ku goge da busasshen ƙyalle har ya yi ƙyalli. Maɗaci da loko su kan yi kyau ƙwarai. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, musamman gab da hunturu. Amma fa ku sani, kaki rage shiga da fitar laima ya ke yi, ba ya hana gara. Kuma kada a shafa mai tarfentin a akushi ko ludayi.

Malami mai dabara zai sami darasin lissafi a nan. Ku tambayi 'yan aji shida: in kakin zuma giram 250 ne, karnoba nawa za a sa, tarfentin kuma nawa? Narkarwa aikin malami ne shi kaɗai, amma gogewa ku bar wa yara, kowa da bencinsa. Yaron da ya sha wahalar goge benci da wuya ya sassaƙa sunansa a kai.