Amsar Tambaya: Shata a Jirgin Alƙahira

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Azhar. In na taso da dare a jirgin ƙarƙashin ƙasa, waƙar Shata nake ji a kunne har Abbasiyya. Da illa?

Amsa: Ɗana, Shata ba ya cizo. Rugugin jirgin ne ke sa ka ƙara sauti ba ka ankara ba, kunne kuwa ba ya kuka sai ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sautin ya wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar ƙarar wayar. A tashar Attaba, inda ake sauya layi cikin cunkoso, zare abin sauraron daga kunne ɗaya, waya ta koma aljihun gaba. Kuma ka duba ƙofa, kada amshin Shata ya kai ka taragon mata.