LAMBUN TSAKAR GIDA: Yadda A Ke Tayar Da Kayan Miya Daga Iri

Maganarmu ta wannan mako ba ta masu fadama ba ce. Da mutanen cikin gari mu ke, waɗanda ba su da gona sai ɗan fili a tsakar gida, wani ma daɓen siminti ne. Irin waɗannan su ne tsadar kayan miya ta fi ci wa tuwo a ƙwarya. Kowa ya san yadda tumatir ya kan yi wuya daga ƙarshen bazara har tsakiyar damina. Ba a kuwa manta da shekarar 2016 ba, sa'ad da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, tumatir ya gagari talaka. To, gidan da ya ke da ɗan alayyahu da kuɓewa a bayan ɗaki, kome tsadar kasuwa ba ya kwana da gayan tuwo.

Mutane da yawa sun gwada sun bari, suna cewa wai hannunsu ba ya karɓar shuka. Ba laifin hannu ba ne. Galibi abin ya kan lalace ne cikin mako 3 na fari, watau daga ranar da iri ya shiga ƙasa zuwa ranar da tsiro ya yi ƙwari. Wanda ya tsare waɗannan kwanaki, sauran aikin mai sauƙi ne. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

Wuri Da Mazubi

Ku duba inda rana ke samu a gidanku kamar awa 6 a yini, an fi son hantsi da ranar la'asar. Kowane irin mazubi ya yi: tsohon daro, bokitin da ya fashe, tukunyar da ta tsage, jarka da aka yanke, ko buhun da aka naɗe bakinsa. Amma fa lalle a huda gindinsa wuri 5 ko 6, a zuba 'yan tsakuwa, don ruwa ya sami hanyar fita. Saiwa tana numfashi. In ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe. Kayan ganye zurfin inci 6 zuwa 8 ya ishe su. Tumatir da attaruhu da kuɓewa kuwa suna son ƙafa guda, gindi ɗaya a bokiti ɗaya.

Haɗin Ƙasa

Kada ku ɗebi ƙasar tsakar gida yadda ta ke ku shuka, ta riga ta daddage. Ku haɗa kwano 2 na baƙar ƙasa, kwano 1 na yashi, da kwano 1 na taki, ku tankaɗe. Takin nan sai wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya zafi in an sa hannu. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu ya kan ƙone tsiro. Ƙasar da za a yi renon iri a cikinta, yana da kyau a jiƙa ta a dumama a kan wuta cikin tsohuwar tasa kamar rabin awa, a bar ta ta huce. Wannan ya kan kashe irin ciyawa da ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli.

Gwada Iri Tukuna

Iri ba ya nuna tsufansa a fuska. Kafin ku ɓata ruwa da lokaci, ku ƙirga ƙwaya 10, ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ku ajiye a inuwa, kuna yayyafa masa ruwa kullum. Bayan mako guda ku buɗe, na attaruhu kuwa sai mako 2. In 7 ko fiye sun tsira, iri ne mai kyau. In 5 ne, ku ƙara yawan abin da za ku shuka. In bai kai haka ba, ku nemi wani. Irin albasa da na karas ba su jimre ajiya, saboda haka a riƙa neman sabo kowace shekara. Wanda ya ke son sanin irin da ya dace da ƙasarsa, sai ya tambayi malamin gona na yankinsu.

Kowane Iri Da Lokacinsa

Latas da karas da kabeji da albasa da tumatir na sanyi ne. A shuka su daga Oktoba zuwa Disamba. Irin latas ba ya son tsira in ƙasa ta yi zafi. Tumatir kuwa, in zafin rana ya wuce digiri 32, dare ma bai yi sanyi ba, sai furensa ya riƙa kakkaɓewa bai ƙulla 'ya'ya ba. Shi ya sa wanda ya shuka shi a Maris ya kan tashi da ganye zalla.

Alayyahu da lalo da kuɓewa da rama da yakuwa da ɗoɗɗoya na zafi ne. Su kan yi kyau da bazara da damina, su yi nawa da hunturu.

Zurfin Shuka

Nan ne akasari a ke yin ɓarna. Ƙa'ida ita ce, a rufe iri da ƙasa kamar kaurinsa sau 2 ko 3, kada a wuce. Ƙaramin iri ɗan guzurin da ke cikinsa kaɗan ne. In an binne shi da zurfi, guzurin zai ƙare bai kai ga haske ba.

Alayyahu: irinsa ya yi ƙanƙanta ƙwarai. A gauraya cokali 1 na iri da cokali 10 na busasshen yashi, a yafa, a barbaɗa ƙasa sama-sama. Ya kan fito cikin kwana 3 zuwa 5. Bayan mako 4 ya isa miya. In an yanka an bar gindi, zai sake tofo.

Lalo: ɓawonsa tauri gare shi, shi ya sa ya kan ƙi fitowa. A ƙulle irin a tsumma, a tsoma a tafasasshen ruwa, a ƙirga 10, a cire maza a tsoma a ruwan sanyi. A shanya a inuwa ya sha iska, a shuka ran nan.

Kuɓewa: a jiƙa ta kwana, a shuka ƙwaya 2 a rami mai zurfin inci 1. In sun fito a bar mai ƙarfin. Wajen wata 2 za ta fara ba da 'ya'ya. A riƙa tsinka kowane kwana 2 ko 3, don in an bar su suka ƙosa uwar ta kan rage haihuwa.

Karas: ba a dasa shi, inda aka shuka nan zai zauna. Ba ya son sabon taki ko tsakuwa, su ke sa shi yin ƙafa biyu. Wajen wata 3 ya ke yi.

Latas da ɗoɗɗoya: a yafa a kan ƙasa, a danna da tafin hannu kawai, domin suna son haske kafin su tsira. Ɗoɗɗoya in ta kai taƙi guda a riƙa tsinke kanta, sai ta yi rassa. Na'ana'a kuwa kada ku wahala neman irinta. Reshe a ke karya a dasa, a mazubinta ita kaɗai, don ta kan mamaye wuri.

Reno Da Dashe

Tumatir da attaruhu da tattasai da kabeji da albasa, reno a ke fara yi musu a kasko ko faffaɗan daro. A ja layi da tsinke, inci 3 tsakani, a jera iri ba a cunkushe ba. A rufe, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama. Ran da aka ga kan tsiro, ran nan a ɗauke ciyawar, in ba haka ba sai ya miƙe siriri fari sol, ya faɗi. A yi masa 'yar rumfa ta kara, a riƙa rage ta sannu sannu.

Tumatir ya kan fito cikin mako guda, ya isa dashe a mako 3 zuwa 4, sa'ad da ya yi ganye 4 ko 5. Attaruhu mai nawa ne, ya kan yi mako 2 ko fiye kafin ya leƙo, dashensa sai mako 6. Kada a yi masa gaggawa. Saura kwana 5 a dasa, a ɗauke rumfa a rage ruwa, don tsiro ya saba da wuya. A yi dashe da yamma, a ciro shi da ƙasarsa bayan an jiƙa ta. Tumatir a nutsa shi har kusa da ganyen fari, saboda karansa ya kan fid da sabuwar saiwa.

Ban Ruwa

Kada a kwarara ruwa da moɗa a kan sabuwar shuka, zai kwashe iri ya tara gefe guda. A huda gindin gwangwani da ƙusa a riƙa yayyafi da shi, safe da yamma. Kafin ku ba da ruwa ku tsoma yatsa. In da danshi, ku dakata. Idan kun ga tsiro yana ruɓewa daga gindi yana kwantawa, yawan ruwa ne da cunkoso. A rage ruwa, a tsinke waɗansu, iska ta shiga. Ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye duk suna da amfani. Amma ban da ruwan sabulun wanki, ban da na kwata, tun ba ga latas ba da a ke ci ɗanye. Randar ban ruwa kuma a rufe ta saboda sauro.

Maɓarnata

Akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata guda kafin a ce kwabo. Kaji da ƙadangaru ma ba su raina tsiro. A kewaye wurin da zana ko ƙaya, a lulluɓe kaskon reno da tsohon gidan sauro. Ƙwarin ganye kuwa, a daka 'ya'yan darbejiya cike da hannu 2, a jiƙa a bokitin ruwa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma, sama da ƙarƙashin ganye. Ganyen tumatir da aka ga tsutsa ta yi hanya a cikinsa, a tsinke a ƙone.

Ajiye Iri Na Baɗi

Ku zaɓi gindi mafi lafiya ku bar shi ya ƙosa. Na tumatir, a matse 'ya'yan a kofi, a bari kwana 2 ko 3 su yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa. A zuba a kwalba da 'yar toka, a toshe. Amma irin fakiti da aka rubuta wa F1, aure ne na iri biyu. 'Ya'yansa ba su kan gaji uwar ba, saboda haka ba a ajiye shi.

Abu na ƙarshe, kada ku shuka alayyahu duka rana ɗaya, ya zo ya yi muku yawa sa'an nan ya yanke. Ku shuka daro guda kowane mako 2. Ku fara da mazubi 4 ko 5, ku sa yara su riƙa ban ruwa su koya. In hannu ya faɗa, sai a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.