Kafin a sayar da gona saboda karatun waje

Yawancin masu neman karatu a ƙasar waje kuɗin makaranta kaɗai suke tambaya. Da an ji adadin, sai a fara maganar sayar da fili ko gona. Alhali sau da yawa ba kuɗin makarantar ke kayar da ɗalibi ba, sauran hidindimun da ba a lissafa ba ne.

A Birtaniya, kafin a ba ka bizar ɗalibi sai ka nuna kana da kuɗin makaranta na shekarar farko da na zaman wata 9, kuma kuɗin sun kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ba. Kuɗin zaman ya haura fam 1,100 a wata a wajen Landan, a cikin Landan kuwa ya wuce fam 1,400. Ga kuɗin kiwon lafiya, fam 776 a shekara, wanda ake biya dunƙule tun wajen neman biza. Jamus ta fi sauƙi, domin yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma sai ka zuba kusan yuro 12,000 a wani asusu da ake kullewa, ana sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata.

Abin da ya fi damuna shi ne canji. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Uban da ya tanadi kuɗin shekara uku da naira ya wayi gari abin da ke hannunsa da ƙyar ya kai na shekara ɗaya. A 2024 ɗin ne aka dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila saboda sun kasa biya a kan lokaci, har aka umarci wasu su bar ƙasar. Don haka ka yi lissafinka da kuɗin ƙasar da za ka je, tun daga tikitin jirgi har zuwa shekarar ƙarshe. In kuɗin na hannu, a canza su a ajiye a asusun dala, ko a biya makaranta tun da wuri. Kada kuma ka ce ai za ka yi aiki a can ka cike giɓin. A Birtaniya awa 20 kawai doka ta yarda ɗalibi ya yi a mako lokacin karatu, abin da zai samu na haya ne da cefane.

Tallafi akwai shi, sai dai a karanta sharuɗɗa da kyau, don wani ragin kuɗin makaranta ne kawai ake kira tallafi. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu gaba ɗaya, amma yana neman wanda ya yi aiki na shekara 2, kuma sai ka dawo gida bayan kammalawa. Gwamnatin Turkiyya takan buɗe nata daga Janairu zuwa Fabrairu, da masauki da alawus da shekara guda ta koyon Turkanci. Akwai DAAD na Jamus, da Jami'ar Musulunci ta Madina, da PTDF na gwamnatin Najeriya ga masu fannonin da suka shafi man fetur. Bashin NELFUND kuwa na masu karatu ne a manyan makarantun gwamnati na cikin gida, bai shafi na waje ba. In tallafin gwamnatin jiha ne, ka nemi waɗanda suka riga ka tafiya ka tambaye su ko alawus na zuwa a kan kari.

Duk waɗannan a shafukansu na intanet ake nema, kuma cike takardar kyauta ne. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka gurbi, ka riƙe kuɗinka. Gara ka kashe su wajen yin fasfo, da karɓo takardar sakamakon jarrabawa daga makarantarka, da rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS in ana buƙata. Ka fara da shekara guda kafin lokacin tafiya, domin fitar da takardar sakamako kaɗai kan ci watanni, sakamakon IELTS kuma shekara 2 yake aiki.