Me Ya Sa Ake Tara Injinan Ƙananan Jiragen Wasa?

Saƙonmu na gaba daga Malam Musa ne a Funtuwa. Yana tambaya: me ya sa wasu ke kashe kuɗi suna tara tsofaffin injinan jiragen sama na wasa?

To Malam Musa, mun gode. Waɗannan injina na gaske ne, masu fistan da silinda, suna shan mai, amma wani bai wuce babban yatsa ba. A Amurka, injin Brown Junior ya fito a shekarun 1930, yana aiki da fetur da fulogi kamar na babur. A Ingila kuma aka yi injin Mills a 1946. Shi Mills ba ya buƙatar fulogi, matsin iska ne ke kunna mansa, wanda haɗi ne na sinadarin ether da kananzir da man zurma.

Yanzu batir da injin lantarki sun kusa maye gurbinsu, kamfanoni da dama sun daina ƙera su. Ka san abin da ya yi ƙaranci, darajarsa hawa take yi. Masu tarawa sun fi son injin da ba a taɓa tayarwa ba, yana cikin kwalinsa na asali da takardunsa. Kwalin asali, Malam Musa, yana ƙara masa kuɗi sosai.

In ka samu wanda ya ƙage, don Allah kada ka murɗa shi da ƙarfi. Yawanci man zurman ne ya daskare a ciki. Ka ɗan ɗumama shi, ka ɗiga mai mara kauri, sannan ka juya shi a hankali.