Gudun Fanfalaki na Farko: Hattara da Garaje

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne, kuma abin da ya fi kayar da sabon shiga shi ne farawa da garaje. Ihun 'yan kallo da turereniyar jama'a kan ɗebi mutum ya zarce saurin da ya saba. Jiki na adana sukari a tsoka da hanta, kuma ajiyar takan ƙare wajen kilomita 30. A nan ne ƙafafu ke yin nauyi, jiri ya taso, a ga ƙato ya dafe gwiwa a bakin titi. Wanda ya ƙona ajiyarsa da wuri, tun kafin nan zai gamu da wannan.

Saboda haka a yi kilomita goman farko da saurin da za a iya yin magana ba tare da haki ba. Shiri kuwa yakan ɗauki makonni 16 zuwa 20, ana ƙara nisa sannu a hankali, sannan a rage atisaye makonni biyu zuwa uku kafin ranar tsere.

Kada a sa sabon takalmi ranar tsere. Ƙafa za ta yi bororo. Kada kuma a ci abincin da ciki bai saba da shi ba.

Ruwa a riƙa kurɓarsa kaɗan-kaɗan, musamman a tsere irin na Legas da ake yi a watan Fabrairu cikin zafi da gumi. Ɗirkar ruwa fiye da kima na rage gishirin jini, kuma yana da haɗari ƙwarai. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya ga likita kafin ya fara atisaye.