Aji cike, waya ɗaya

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Dutse. Kullum ana ce mana mu shigar da fasahar zamani cikin darasi, alhali ba mu da kwamfuta, wuta kuma sai ta ga dama. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Kada ki jira ɗakin kwamfuta, wayar hannunki ta isa a fara. Abin da yaran suke bukata shi ne aikin da za su riƙe da kansu har ya kammala.

Ki fara da dabino. Dutse ta yi suna da shi, har cibiyar bincike ta NIFOR tana da reshe a garin dominsa. Ki raba ajin rukuni-rukuni. Wasu su je wurin manomi ya nuna musu yadda ake ɗauko furen namiji a sa wa macen dabino, su naɗi bayaninsa da izininsa. Wasu su jiƙa ƙwallayen, su shuka a leda, su riƙa ɗaukar hoto kowace Juma'a suna auna tsiron. Wasu kuma su bi farashin mudu a kasuwar Shuwarin tsawon wata guda, su zana jadawali a kwali.

Ki nemi yardar shugaban makaranta da iyaye kafin kowace fita, musamman ta 'yan mata. A ƙarshen zango kowane yaro ya tashi ya yi bayanin abin da hannunsa ya yi, a nan za ki ba da maki, don kada masu baki su danne masu kunya.