Darasi Daga Gonar Makaranta: Ƙarfen Ɗame Wayar Shinge

Duk mai gona a kudancin Kogin Kaduna, ko a Narayi ne, ko Sabon Tasha, ko Gonin Gora, ya san gidaje sun matso kusa da gonaki, awaki kuwa ba su san iyaka ba. Dare ɗaya ya ishe su cinye masarar da aji guda ya yi wata biyu yana nomewa. Daga nan sai rigima da maƙwabta, waɗanda wataƙila benci ɗaya muke zama da su a majami'a ranar Lahadi. Saboda haka darasinmu ya tsaya a kan wani ƙaramin abu da ba a cika kula da shi ba, wato ƙarfen ɗame wayar shinge.

Waya mai ƙaya daga Amurka ta fito. Wani manomi mai suna Joseph Glidden ne ya yi rajistar irin wadda ta fi yaɗuwa, a shekarar 1874. Amma ƙaya ba ta tsare gona idan wayar ta saki, akuya za ta cusa kai ta ɗaga ta, ta wuce abinta.

Ƙarfen nan kashi uku ne. Akwai gidansa, akwai sandar da waya ke naɗuwa a kanta mai haƙora a gefe, sa'an nan akwai ɗan harshe da ke faɗawa tsakanin haƙoran ya hana sandar juyawa baya. Da sifana ake murɗa shi. Waya mai ƙaya ba ta naɗuwa da kyau, don haka mukan haɗa mata guntuwar waya marar ƙaya a wurin.

Idan muka ga waya ta saki, kada mu yi saurin zargin ƙarfen. Mu fara zuwa turken kusurwa mu girgiza shi. Sau da yawa gara ce ta ci gindinsa, ko kuwa ruwan Agusta ya jiƙa ƙasa har ya karkata. In haka ne, ko mun sa sabon ƙarfe, ƙara jawo turken kawai za mu yi. A sake kafa shi, a tokare shi da kyau, sa'an nan a koma kan waya.

Yaushe ake gyara, yaushe kuma ake sakewa? Idan tsatsa ce kawai ta riƙe sandar, a sassauta wayar, a kankare da buroshin ƙarfe, a ɗiga baƙin mai, zai koma aiki. Idan harshen ne ya lanƙwashe, maƙeri ko mai walda zai miƙe shi ko ya yanko wani. Amma in haƙoran sun cinye har harshe yana zamewa, ko gidan ya tsage, a cire shi gaba ɗaya. A ganinmu yi wa irin wannan walda asarar kuɗi ce, kuma akwai haɗari, gama ranar da ya kuɓuce wayar za ta zabgi wanda ke kusa. Wanda wutar daji ta lasa ma a sa masa ido, domin wuta tana ƙone farin shafen da ke hana tsatsa, irin na kwanon rufi.

A nan darasin Kimiyya ya shigo. Ƙarfe yakan ƙara tsawo da zafi, ya ragu da sanyi. Waya mai tsawon mita 100 takan ragu da kusan santimita 2 da rabi idan zafi ya sauka da digiri 20. Wanda ya ɗame ta iyakar ƙarfinsa a zafin rana na watan Maris, to, da asubar hunturu za ta ja fiye da kima, ta ci haƙoran ko ta tumɓuke turke. A ɗame ta har ta miƙe, amma in an danna ta da hannu a tsakiya ta ɗan motsa.

Littafin Karin Magana sura 24 ya ba da labarin gonar malalaci wadda katangarta ta rushe. Mu tamu ta waya ce, kuma lokacin zagaya ta shi ne kafin ruwan fari, tun ba a yi shuka ba. A tafi mutum biyu, da filaya da safar hannu, a tsaya a gefen waya lokacin murɗawa. Ɗalibin da waya mai tsatsa ta yanka ya wanke wurin da sabulu, ya sanar da malami nan da nan don a kai shi asibiti a duba batun allurar tetanus.